DARASIN MASANA'ANTU: Gishiri Mai Gudana da Makomar Ɓuntu da Totuwa a Jihar Bauchi

BAUCHI — A kowace shekara, daga watan Oktoba zuwa Disamba, lokacin da manoman Jihar Bauchi suke kwashe amfanin gonakinsu, akan bar wani kaya mai ɗimbin yawa wanda ba ya shiga littafin lissafin kowa. A bayan injinan casar shinkafa na cikin garin Bauchi, da na yankunan noman shinkafa irin su Dass da fadamun kogin Jama'are, ɓuntu ne tsibi-tsibi. A masussukai kuwa totuwar masara ce da ɓawon gyaɗa. Ɓuntu kaɗai yakan kai kimanin kashi 20 cikin ɗari na nauyin shanshera, wato a duk tan biyar da aka kai inji, tan ɗaya ɓuntu ne. Abin da masu turara shinkafa da masu kiwon kaji ba su kwashe ba, wuta ce makomarsa.

A ɗaya ɓangaren kuma, Nijeriya tana kashe maƙudan kuɗaɗen musaya wajen shigo da takarda da kwali da ƙullun da ake yin su da shi, da zaren saƙa, da barasar masana'antu da ake kira itanol. Manyan masana'antun takarda uku da Gwamnatin Tarayya ta kafa a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun durƙushe tun cikin shekarun 1990, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka kayar da su shi ne dogaro da ƙullun da sai an sayo daga waje. Tun daga watan Yuni na 2023 kuwa, da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke wa naira daraja, duk wani kaya da ake biya da dala ya ƙara nauyi a wuyan mai masana'anta.

Abin lura shi ne, duk waɗannan kayayyaki ana iya samun su daga abu ɗaya, wato sinadarin selulos, wanda shi ne ya fi yawa a jikin kara da totuwa da ɓuntu. Wuyar aikin ita ce hanyar fitar da shi cikin araha ba tare da an gurɓata ruwa da iska ba. Darasinmu na wannan karo ya shafi wani rukunin sinadarai da masana suka yi shekaru suna gwadawa domin wannan aiki, waɗanda a Turance ake ce musu furotik ayonik likwid, mu kuwa za mu kira su gishiri mai gudana. Za mu bayyana ko mene ne su, da inda suka riga suka kawo riba, sannan mu yi lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi kafin ya sa ko kwabo.

Mene ne gishiri mai gudana?

Duk uwargida ta san cewa idan miyar yakuwa ta yi tsami, sai a jefa mata 'yar kanwa, tsamin ya kwanta. Abin da ya faru a tukunyar shi ne, sinadari mai tsami, wato asid, ya haɗu da sinadari mai kashe tsami, dangin kanwa da ruwan toka, suka kashe kaifin juna. Abin da ke fitowa daga irin wannan haɗuwa shi ne masana kimiyya suke kira gishiri, kuma gishirin miya ɗaya ne kawai daga cikin dubbai.

Kowane gishiri ƙwayoyi iri biyu ne suka haɗa shi, masu ɗauke da cajin lantarki mai gaba da juna, kamar kawuna biyu na batir, don haka suke jan juna. A gishirin miya ƙwayoyin ƙanana ne masu tsari, suna jeruwa daram kamar bulo a gini, shi ya sa ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Selshiyas. Amma idan aka zaɓi ƙwayoyi manya, karkatattu, waɗanda ba su jeruwa, kamar a ce za a yi gini da turmi da ƙwarya da kujera, sai gishirin ya kasa daskarewa. Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa duk gishirin da ke narkewa ƙasa da digiri 100 ya shiga wannan rukuni, wasu ma a zafin ɗaki suna zuba kamar man gyaɗa. Kada mai karatu ya ɗauka ruwan gishiri ake nufi: wannan gishirin ne da kansa ya zama ruwa-ruwa, ko da ba a sa masa ɗigon ruwa ba.

Wani masanin kimiyya na birnin Riga, Paul Walden, shi ne ya ba da rahoton irin wannan gishiri a 1914, bayan da ya haɗa sinadarin etilamin da asid ɗin naitirik ya sami gishirin da ke narkewa a wajen digiri 12. An ɗauki shekaru da yawa ba a ba abin muhimmanci ba, sai cikin shekarun 1990 bincike ya farfaɗo a Amurka da Turai.

Gishirin iri biyu ne, kuma bambancinsu na da muhimmanci ga aljihu. Na farko sai an bi matakai da dama na haɗawa da tacewa kafin a same shi, don haka yake da tsada. Na biyu, wanda shi ne batunmu, haɗa shi bai wuce zuba asid a kan wani sinadari ɗan dangin amoniya da ake kira amin ba. Asid ɗin yakan miƙa wa amin wata 'yar ƙwaya mai suna furoton, wadda daga gare ta ne sunan furotik ya samo asali, shi ke nan gishiri ya haɗu. Babu wani abu da ke raguwa da za a zubar: duk abin da aka zuba a tukunya ya shiga cikin kayan da aka samu. Har ila yau, ana iya warware haɗin a dawo da amin ɗin idan bukata ta taso.

Dalilin da ya sa masana'antu suka damu da shi

Kusan duk wani haɗi da ake yi a masana'antar sinadarai a cikin wani ruwan narkarwa ake yinsa, kamar yadda ba a dama fura sai da ruwa ko nono. Mai karatu ya san wasu daga cikin waɗannan ruwaye: tina da masu fentin mota suke tsinka fenti da ita, da abin da ke ba sholishon masu faci warinsa, da hekzen da manyan kamfanonin mai suke tatse sauran man da ya rage a jikin waken suya da gyaɗa da shi. Halinsu ɗaya ne, wato saurin bin iska. Abin da ya bi iska kuwa asara ce ga mai kaya, cuta ce ga huhun ma'aikaci, kuma shi ne kan haddasa gobara. Gishiri mai gudana, saboda yadda ƙwayoyinsa suke riƙe da juna, da ƙyar yake tururi, kuma galibinsa ba ya kama wuta da sauƙi.

A 1992 wani farfesa na Jami'ar Delft da ke ƙasar Holan, Roger Sheldon, ya fito da wani ma'auni mai sauƙi: kilo nawa na shara masana'anta take fitarwa a kan kowane kilo ɗaya na kayan sayarwa? Ya nuna cewa a matatun mai sharar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kilo ba. A masana'antun manyan sinadarai takan kai kilo 5. A na ƙananan sinadarai masu daraja daga kilo 5 zuwa 50. A masana'antun magunguna kuwa daga kilo 25 zuwa 100, har fiye. Mafi yawan wannan shara ruwan narkarwa ne, domin a haɗa magani shi ne yake ɗaukar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin abin da ake zubawa a tukunya.

Shekaru shida bayan haka, a 1998, wasu Amurkawa biyu, Paul Anastas da John Warner, suka tsara ƙa'idoji 12 na abin da ake kira tsaftatacciyar kimiyyar sinadarai. Daga ciki akwai cewa hana shara aukuwa ya fi neman yadda za a yi da ita, da cewa a nemi ruwan narkarwa mara haɗari, da cewa a fifita ɗanyen kayan da ke sake tsirowa a kan wanda ake haƙowa daga ƙasa. Ga ɗan kasuwa fassarar ba ta da wuya: shara ɗanyen kaya ne da aka biya kuɗinsa sau biyu, ranar sayensa da ranar zubar da shi.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗar sharar sinadarai a 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Wannan ne ya sa aka kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya a shekarar, sannan a 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli. Duk mai niyyar kafa masana'antar sinadarai a yau, sai ya sa kuɗin tace gurɓataccen ruwa a cikin jarinsa tun daga farko.

Darasi daga Jamus

Shaida mafi ƙarfi a kan cewa wannan gishiri na iya kawo riba ta fito ne daga kamfanin BASF, a masana'antarsa ta birnin Ludwigshafen. Kamfanin yana haɗa wani sinadari da ake bukata wajen yin fenti da tawada masu bushewa da haske. A yayin haɗin, wani asid yakan fito wanda dole a kawar da shi, in ba haka ba ya ɓata kayan. A da ana zuba wani amin ne domin ya kama asid ɗin, amma gishirin da ke fitowa daskararre ne, sai tukunyar ta cika da wani abu mai kauri kamar taɓo, mai wuyar juyawa da wuyar tacewa.

A 2002 injiniyoyin kamfanin suka sauya amin ɗin da wani mai suna metilimidazol. Gishirin da wannan yake bayarwa yana narkewa a wajen digiri 75, don haka a zafin aikin ruwa-ruwa yake, yana ware kansa daga kayan kamar yadda mai yake rabuwa da ruwa. Sai a tsiyaye shi, a sa masa soda, a dawo da amin ɗin a sake aiki da shi. Bugu da ƙari, sabon amin ɗin ya ƙara wa haɗin sauri matuƙa. Abin da ake samu a kowace mita ɗaya ta faɗin cikin tukunya a awa guda ya tashi daga kilo 8 zuwa kilo 690,000, wato ya ninka sau fiye da 80,000, har aka maye gurbin ƙatuwar tukunya da wata 'yar na'ura da ba ta wuce babban yatsa ba. Kamfanin ya sa wa dabarar suna BASIL.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, dabarar ta karɓu ne saboda ta rage kuɗin aiki, kuma ta rage shi ne saboda ana dawo da sinadarin a sake amfani da shi. Tsabtar muhalli da riba a hanya ɗaya suka biyo.

Yadda ake raba kara gida uku

Jikin kara da totuwa da ɓuntu abubuwa uku ne suka haɗa shi. Akwai selulos, wanda yakan kai kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, shi ne zaren da ake yin takarda da tufa da shi, kuma idan aka farfasa shi sukari ne da ake mayarwa itanol. Akwai hemiselulos, wanda shi ma dangin sukari ne. Sai kuma lignin, wani danƙo mai ruwan ƙasa da ke ɗaure sauran biyun ya ba tsiro ƙarfin tsayuwa. Duk wahalar aikin ita ce cire wannan danƙo.

Tsohuwar hanyar da masana'antun takarda suke bi ita ce dafa itace a cikin soda da wani sinadarin ƙibiritu mai wari. Hanyar tana aiki, amma ba ta biya sai masana'anta ta yi girma ƙwarai, kuma ba ta jituwa da karan shinkafa da ɓuntu, domin suna ɗauke da sinadarin yashi, wato silika, wanda ke narkewa a soda ya toshe na'urorin da ake dawo da sinadaran aiki da su.

Masu bincike na Kwalejin Imperial da ke Landan, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Tom Welton da Farfesa Jason Hallett, sun fito da wata hanya da suka kira ionoSolv. Gishirin da suka fi amfani da shi haɗi ne na wani amin mai suna tirayetilamin da asid ɗin salfa, wanda shi ne ake tsinkawa a zuba a batirin mota. Ana niƙa karan, a dafa shi cikin gishirin da aka sirka da ruwa kashi 20 cikin ɗari, ko dai a zafin digiri 120 na wasu awoyi, ko a wajen digiri 170 na kimanin rabin awa. Lignin da hemiselulos sai su narke, selulos kuwa ya rage a matsayin ƙullu, a tace shi a wanke. Daga nan sai a ƙara wa gishirin ruwa, lignin ɗin ya kwanta kamar gari, a kwashe shi. A ƙarshe a ƙafar da ruwan da aka ƙara, gishirin ya koma yadda yake, a sake zuba sabon kara.

A 2014 wannan rukuni ya ƙiyasta cewa idan aka haɗa gishirin da yawa, kilo ɗaya zai tsaya a kan dala 1.24, wato daidai da farashin ruwayen narkarwa na yau da kullum a lokacin, alhali wasu gishirai na rukunin farko kan kai dala 20 ko fiye. A wani rahoto na 2017 sun nuna cewa hanyar ta cire har kashi 85 cikin ɗari na lignin daga wata doguwar ciyawa, kuma an dawo da kashi 99 na gishirin a kowane zagaye. A 2019 suka gwada ta a kan karan shinkafa da na alkama da tuƙar rake da ɓuntu: a ukun farko an sami kusan kashi 90 na sukarin da ke cikin selulos ɗin, ɓuntu kuwa ya fi taurin kai, ya tsaya a kashi 70 da ɗoriya. Silika ba ya narkewa a wannan gishiri, yana bin ƙullun ne, kuma shi ma kaya ne da masu siminti da masu taya suke bukata. Wani kamfani da ya tsiro daga wannan bincike a 2017, wanda daga baya ya ɗauki sunan Lixea, ya buɗe masana'antar gwaji a ƙasar Suwidin a 2022.

Sauran kaso biyun ma ba na yarwa ba ne. Ana iya ƙona lignin domin ya ba masana'antar zafin da take bukata, ko a sayar da shi ga masu haɗa gam na katako. Daga hemiselulos kuma ake samun furfural, sinadarin da masu zubin ƙarfe da masu tace man inji suke amfani da shi, wanda ƙasar Sin ta fi kowa samarwa, galibi daga totuwar masara.

A ƙasar Finlan kuma, Jami'ar Aalto da Jami'ar Helsinki sun yi amfani da wani gishiri na wannan rukuni wajen narkar da selulos ɗin kansa, su ja shi ya zama zaren saƙa, ba tare da sinadari mai guba da ake yin zaren biskos da shi ba. Sun kira hanyar Ioncell, kuma sun nuna cewa tana karɓar tsohuwar jarida da kwali da tsumman auduga. A watan Disamba na 2018 uwargidan shugaban ƙasar ta wancan lokaci, Jenni Haukio, ta sa rigar da aka saƙa da wannan zare a bikin ranar 'yancin ƙasar. Wannan labari ne da ya kamata 'yan Kantin Kwari da duk mai tunanin farfaɗo da masaƙun Kano da Kaduna su bi sawunsa.

Lissafin riba da faɗuwa

Yanzu bari mu ajiye kimiyya mu ɗauki alƙalami. Alƙaluman da ke tafe misali ne domin koyo, an gina su a kan farashin 2014 da muka ambata.

A ƙaddara za a dafa tan ɗaya na busasshen kara a cikin tan biyar na ruwan dahuwa. Tun da kashi 20 cikin ɗari ruwa ne, gishirin tan huɗu ke nan, wato kilo 4,000, kuɗinsa dala 4,960. A ƙaddara kuma tan ɗaya na karan zai ba da kilo 400 na ƙullu. Da za a yi amfani da gishirin sau ɗaya a zubar, da babu maganar kasuwanci sam.

Idan masana'anta tana dawo da kashi 99, asararta a kowane zagaye kilo 40 ne, kimanin dala 50, wanda ya kama dala 124 a kan kowane tan na ƙullu. Wannan abin ɗauka ne. Idan kuwa abin da take dawowa da shi ya sauka zuwa kashi 95, asarar ta zama kilo 200, wato dala 248 a zagaye, ko dala 620 a kan tan na ƙullu, wanda ya kai kusan farashin da ake sayar da ƙullun takarda a kasuwannin duniya, tun ba a biya kuɗin kara da wuta da albashi ba. Da a ce da gishiri mai tsadar dala 20 aka yi aikin, ko da an dawo da kashi 99, asarar zagaye ɗaya dala 800 ce.

Wannan lissafi ya nuna abubuwa biyu. Na farko, arahar gishirin furotik ita ce ta mayar da maganar daga ɗakin gwaji zuwa teburin 'yan kasuwa. Na biyu, tazarar da ke tsakanin riba da karyewa ba ta wuce kashi huɗu cikin ɗari na gishirin da ya zurare ba. Saboda haka ribar wannan sana'a tana wajen na'urar da ke dawo da gishiri, da ƙwarewar ma'aikatan da ke kula da ita. Gishirin da ya zurare kuma magudanar ruwa yake shiga, don haka masana'antar da take asarar kuɗi ita ce kuma take ɓata muhalli.

Abubuwan da za a yi hattara da su

Na farko shi ne makamashi. Ƙafar da ruwan da aka ƙara domin kwantar da lignin yana cin wuta sosai, kuma shi ne ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen aikin. Duk wanda ya san halin wutar lantarki da tsadar man dizal a Bauchi ya san cewa masana'antar da ba za ta samar da zafinta daga lignin ko ɓuntun da take ƙonawa ba, ba za ta kai labari ba.

Na biyu shi ne cin ƙarfe. Gishirin da aka haɗa da asid ɗin salfa, idan ya yi zafi, yana cin ƙarfe na yau da kullum, don haka sai an nemi tukwane da bututu na musamman, waɗanda da dala ake sayensu.

Na uku shi ne guba. Rashin bin iska ba ya nufin rashin illa. Wasu daga cikin waɗannan gishirai suna kashe kifi da ƙananan halittun ruwa, wasu kuma ba sa ruɓewa da wuri. Shi kansa amin yana da wari mai tsanani, yana ƙona fata da ido, kuma haɗa shi da asid yana fitar da zafi mai haɗari. Wannan aiki ne na ƙwararru masu kayan kariya, ba abin da za a gwada a bayan shago ba ne.

Na huɗu shi ne ɗanyen kayan kansa. Masu rubutu daga waje sukan ɗauka karan gona kyauta ne, alhali a ƙasar Hausa karan dawa yana da masu shi: da shi ake danga, da shi ake girki, shi dabbobi suke ci da rani, harawa kuwa kuɗi ce a kasuwa, ƙasar gona ma tana bukatar wani kaso ya koma mata. Abin da ya fi dacewa shi ne kayan da ya riga ya taru a wuri ɗaya kuma masu nemansa ba su da yawa, wato ɓuntu a bakin inji da totuwa a masussuka. Kayan ba shi da nauyi amma yana cin wuri, don haka kuɗin mota zai iya cinye ribar idan aka yi nisa, ga kuma ɗawainiyar ajiye shi shekara guda a tsare shi daga gara da ruwan sama da gobara.

Na biyar shi ne kuɗin musaya. Tirayetilamin daga amoniya da itanol ake haɗa shi, kuma Nijeriya tana samar da amoniya mai yawa a masana'antun takin yuriya irin su na Indorama da ke Eleme da na Ɗangote da aka ƙaddamar a Legas a watan Maris na 2022. Wannan na nuna cewa nan gaba ana iya haɗa shi a gida, amma duk mai farawa a yau ya yi lissafinsa a kan cewa da dala zai sayo shi.

Matakan da suka dace da Bauchi

Ba a kai lokacin da za a shawarci kowa ya sayar da gidansa ya kafa irin wannan masana'anta ba, domin ko a Turai aikin raba kara da wannan gishiri matakin masana'antar gwaji ya kai a 2022. Amma akwai ayyukan share fage waɗanda ba su da tsada, kuma wanda ya yi su da wuri shi zai riga kowa.

Garin Bauchi yana da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, kuma tana da sassan koyar da kimiyyar sinadarai da injiniyancinsu. Ga kuma Kwalejin Fasaha ta Tarayya. A Zariya akwai Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa, wato NARICT, a Abuja kuma akwai Majalisar Bincike da Bunƙasa Ɗanyen Kaya da aka kafa a 1987. Abin da ake bukata shi ne masu injinan casa da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta jihar su haɗa kai su ɗauki nauyin bincike mai amsa tambayoyi na kasuwa: tan nawa na ɓuntu da totuwa ake tarawa a kewayen gari, a wane wata, kuma nawa zai kama idan ya iso ƙofar masana'anta? Nawa ne selulos da silika a cikin ɓuntun irin shinkafar da ake nomawa a nan? Gishirin zai jure zagaye nawa da ruwanmu da ƙurarmu kafin ya lalace? Wane ne zai sayi ƙullun, kuma a kan nawa?

Ita kuma gwamnati, tun a 2007 ta fitar da manufar sirka man fetur da itanol kashi 10 cikin ɗari. Idan har ana son cika wannan buri ba tare da an ɗebi rogo da masara daga bakin jama'a ba, to sai an koma ga ɓuntu da totuwa, kuma ya dace hukumomin da ke ba da tallafin bincike da bankunan raya masana'antu su ware wani abu domin ƙaramar masana'antar gwaji a yankin da kayan yake.

Ga mai jari kuwa, idan wani ya zo masa da takardun neman haɗin gwiwa a kan wata sabuwar dabara mai kiyaye muhalli, to kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tambaye shi kashi nawa na gishirin yake dawowa a kowane zagaye, da zagaye nawa aka gwada, da inda aka gwada, da abin da za a ƙona a ƙafar da ruwan, da inda ruwan wanki zai tafi. Ya kuma nemi amsoshin a rubuce, ya kai wa masanin da ba shi da hannu a cinikin ya duba masa kafin ya sa hannu.